Ruwa ba ya tsami banza: abin da ke kawo gansakuka a akwatin kifi, da yadda za ka shawo kanta

Idan kana shiga kemis ko otal a Sabon Gari, ko kana ziyartar gidajen ma'aikata a Samaru, wataƙila ka taɓa cin karo da akwatin kifi na gilashi, wanda ake kira akwariyam. Wani za ka gan shi ruwa garau, ciyayi kore shar, kifaye na kai da komo. Wani kuwa ruwan ya koma kamar miyar kuka, sai kifi ya matso jikin gilashi kafin ka iya hango shi. Idan ka tambayi mai shi, amsar kusan ɗaya ce: "Wallahi makon jiya na wanke shi tas, ga shi ya dawo."

To ai dole ya dawo. Wankewa tana cire gansakukar da ido ke gani ne kawai, abin da ya kawo ta yana nan daram. Gansakuka tana yawaita ne a duk inda haske da taki suka fi ƙarfin abin da tsirran akwatin za su iya amfani da shi, ita ce ke kwashe rarar. Idan ka gane wannan, sauran bayanin duk mai sauƙi ne. Kuma batun ya wuce na kwalliya, domin ruwan da ya yi kore da yawa yana iya kashe maka kifi a dare ɗaya, musamman a bazarar Zariya.

Mece ce gansakuka?

Wanda ya yi darasin bayoloji a sakandare zai tuna da Spirogyra, wannan zaren kore mai santsi da ake ɗebowa a kududdufi a sa a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Ita ɗaya ce daga cikin dubban nau'o'in halittun da Bahaushe ya haɗa ya kira gansakuka. Ba su da saiwa, ba su da ganye, ba sa fure, amma suna haɗa abincinsu kamar yadda dawa da gero ke yi: su ɗauki hasken rana, da iskar kabon dayoksaid, da ruwa, su samar da sukari, su saki oksijin. Sannan suna buƙatar naitirojin da fosfaras, wato N da P ɗin nan da ke jikin buhun takin NPK.

Ba za ka iya hana ta shiga akwatinka ba. Irinta yana zuwa a jikin tsiron da ka sayo, da ruwan ledar da aka zubo maka kifi, har ma ta iska. Duk akwati mai lafiya yana da 'yar gansakuka. Abin da ke hannunka shi ne yawanta.

Ganga mai gajeren katako

A ƙarni na 19, masana biyu daga Jamus, Carl Sprengel da Justus von Liebig, sun bayyana wata ƙa'ida da har yau ake koyar da ita a tsangayar aikin gona: girman shuka yana tsayawa ne a kan sinadarin da ya fi ƙaranci a wurin. Ana kwatanta ta da gangar da aka haɗa da katakai masu tsawo daban-daban. Komai yawan ruwan da ka zuba, iyakarsa bakin katakon da ya fi gajarta.

A shekarar 1973, wani masani mai suna David Schindler da abokan aikinsa sun gwada wannan a tafki guda sukutum, a lardin Ontariyo na ƙasar Kanada. Sun raba tafkin da ake kira Tafki na 226 gida biyu da labulen roba. Ɓangarorin biyu duka an zuba musu kabon da naitirojin, amma ɓangare ɗaya kaɗai aka ƙara wa fosfaras. Wancan ɓangaren ya rikiɗe ya zama kore, ɗayan kuwa ya zauna kusan yadda yake. Hoton da aka ɗauka daga sama ya taimaka wajen sa ƙasashe da dama rage fosfaras a garin sabulun wanki.

Abin da ke faruwa kenan a duk madatsar da gonaki da gidaje suka kewaye, irin madatsar Kubanni ta Jami'ar Ahmadu Bello: ruwan damina yana wanko taki da dattin kwata ya gangaro da su. Akwatinka ƙaramin tafki ne, sai dai nasa ya fi tsanani, tunda ba shi da mafita. Duk abin da ka zuba a ciki yana nan har sai tsiro ya shanye shi ko kai ka kwashe shi da bokiti.

Amma kula da wani abu a nan. Kar ka ce to shi kenan, bari in hana akwatin taki gaba ɗaya. Gansakuka tana iya rayuwa da ɗan abin da bai isa tsiro ba, don haka idan yunwa ta zo, tsiron ne zai fara jigata. Ganyensa ya yi rawaya, ya ruɓe, ya saki takin da ke jikinsa, gansakuka ta hau kansa. Abin da ake nema shi ne tsirrai masu lafiya da ke girma, su riƙa shanye takin tun kafin ya taru.

Ta ina takin yake shigowa?

Hanya ta farko, kuma mafi girma, abincin kifi ne. Kifi yana ci, ya fitar da amoniya ta matsefin numfashinsa, ya kuma yi kashi. Abincin da bai ci ba ya nutse ya ruɓe. Amoniya guba ce ga kifi. Wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke zaune a soson matata da jikin tsakuwa ne suke juya ta zuwa naitirayit, wasu kuma su juya wannan zuwa naitiret, wanda illarsa ba ta kai ta biyun farko ba. Kafin waɗannan bakteriya su kafu a sabon akwati ana ɗaukar mako 4 zuwa 6. Shi ya sa sabon akwati ya fi fama da gansakuka. Shi ya sa kuma wanda ke kwashe komai duk mako ya wanke da omo kullum yake mayar da akwatinsa sabo: ya kashe bakteriyar da ke masa aiki, ga ragowar sabulu da ke cutar da kifi.

Hanya ta biyu ita ce ruwan da kake zubawa. A Samaru da Sabon Gari, yawancinmu ruwan rijiya ne, ko burtsatse, ko na 'yan garuwa. Rijiyar da ke kusa da salga, ko sokawe, ko gonar da ake zuba wa taki, tana iya ɗauke da naitiret tun daga tushe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar naitiret a ruwan sha a miligiram 50 cikin kowace lita, masu kiwon kifin ado kuwa sukan so nasu ya zauna ƙasa da haka sosai, wajen 20. Idan kana canza ruwa a kai a kai amma abin ya ƙi, ka gwada ruwan wani wuri na 'yan makonni ka gani.

Ta uku kuma ƙurar hunturu. Kaso mai yawa na ƙurar da ke rufe mu daga Disamba zuwa Fabrairu yana tasowa ne daga kwarin Bodele a ƙasar Chadi, inda wani makeken tafki ya ƙafe dubban shekaru da suka wuce. Abin sha'awa, ƙasar wurin cike take da ɓawon wata irin gansakuka da ta rayu a tafkin, kuma ƙurar tana ɗauke da fosfaras da silika. Don haka ka yi wa akwatinka murfi.

Launinta yana gaya maka matsalar

Kafin ka yi komai, ka tsaya ka dubi irin wadda ta fito maka.

Idan ruwan ne da kansa ya yi kore, ƙananan halittu ne masu ƙwayar halitta ɗaya suke yawo a ciki. Yawanci rana ce ke bugun akwatin, ko amoniya ta taru. Canza ruwa kaɗai ba ya maganinta, domin suna iya ninka yawansu cikin kwana ɗaya ko biyu.

Idan ƙura-ƙura ce ruwan ƙasa a jikin gilashi da ganye, wadda yatsa ke gogewa, dayatom ce, dangin waccan ta Bodele. Da silika take gina ɓawonta. Tana yawan fitowa a sabon akwati, kuma sau da yawa takan tafi da kanta idan akwatin ya zauna.

Idan zare-zare ne kore masu kama da gashi, haske ya yi yawa a kan abin da tsirranka ke iya amfani da shi. Ɗigo-ɗigo kore masu tauri a jikin gilashi su ma alamar haske mai ƙarfi ce.

Idan baƙin gemu ne a gefen ganye da jikin itace, ka duba datti a matata da ƙasan akwatin. Tana da taurin kai, gara ka yanke ganyen da ta kama.

Idan kuwa shimfiɗa ce mai yauƙi, kore mai sirkin shuɗi, tana ɗagowa kamar fata, tana warin ƙasa, wannan bakteriya ce da ake kira sayanobakteriya. Tana son ruwan da ba ya motsi da inda datti ya kwanta. Wasu daga cikin danginta suna fitar da guba. A 1996, a garin Caruaru na ƙasar Birazil, mutum fiye da 50 masu wankin ƙoda sun rasu saboda ruwan da aka yi amfani da shi ya fito daga madatsar da wannan guba ta gurɓata. Ta akwatin gida ba ta kai nan ba, amma ka wanke hannu bayan ka taɓa ta, kuma kar yara su yi wasa da ruwan.

Me ya sa kifi ke mutuwa da asuba?

Da rana, gansakuka da tsirrai suna sakin oksijin. Da dare babu haske, sai su daina, su koma shaƙar oksijin ɗin tare da kifi da bakteriya. Don haka gab da asuba ne oksijin ya fi ƙaranci a ruwa. Idan ka tashi sallar asuba ka ga kifinka sun taru a saman ruwa suna buɗe baki, iska suke nema.

Yanzu ƙara zafi a kai. Ruwa mai digiri 20 yana iya riƙe oksijin kusan miligiram 9 a lita, mai digiri 30 kuwa kusan 7.5 kawai, alhali a zafi ne kifi ya fi buƙatarsa. A Maris da Afrilu, ɗaki mai rufin kwano a Samaru yana kai ruwan akwati wannan matakin cikin sauƙi. Sai kuma a ɗauke wuta cikin dare, injin iska ya tsaya. Ruwa kore, ga zafi, ga babu wuta: haɗuwar ukun nan ce ke sa a wayi gari kifi sun juya ciki sama. Ƙaramin injin iska mai batir, ko wanda ke aiki da abin cajin waya, yana iya ceton akwati gaba ɗaya.

Wannan ne ma dalilin da ya sa maganin kashe gansakuka yake da haɗari. Idan ta mutu lokaci guda, bakteriyar da ke ruɓar da ita suna cinye oksijin, takin da ke jikinta kuma ya koma ruwa. Magungunan da ke da sinadarin tagulla suna kashe dodon koɗi da jatan lande, suna iya taɓa kifi da tsirrai ma.

To, me za ka yi?

Fara da haske, shi ne ya fi sauƙin gyarawa. Ka ɗauke akwatin daga bakin taga ko ƙofar shago inda rana ke bugunsa. Zariya tana samun hasken rana na kusan awa 12 duk shekara, kuma mai ƙarfi ne. Ƙwan LED na awa 6 zuwa 8 a rana ya ishi yawancin tsirran akwati. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne barin fitilar a kunne, duk lokacin da aka kawo wuta ta kama, ko da ƙarfe biyun dare ne. Ka tsayar mata da lokaci, misali daga la'asar zuwa ƙarfe goma na dare, lokacin da kake gida kana kallon kifin. Idan kana da sola, ka haɗa da na'urar da ke kunnawa da kashewa da kanta.

Sai abinci. Ka ba su abin da za su cinye cikin minti biyu, sau ɗaya ko biyu a rana, kuma mutum ɗaya ya riƙa bayarwa. A gidan da kowane yaro ke zuba nasa, ruwa ba zai taɓa yin garau ba. Ka kuma duba yawan kifin. Kifin zinare, wanda aka fi saye, yana da yawan kashi, yana tone tsiro yana cinyewa, don haka bai dace da ƙaramin akwati mai ciyayi ba. Ƙanana irin gupi da moli sun fi.

Canza ruwa kuwa kaɗan-kaɗan ake yi, duk mako, kamar kashi ɗaya cikin huɗu. Ga lissafin: akwati mai tsawon santimita 60, faɗi 30, tsayi 30, yana cin lita 54. Rubu'insa lita 13 da rabi ne, wato rabin jarka mai lita 25 da ɗan ɗori. Ka yi amfani da tiyo ka zuƙo dattin da ke tsakanin tsakuwa. Idan ruwan famfo ne, ka bar shi a buɗaɗɗen bokiti kwana ɗaya ko biyu kulorin ya fita. Soson matata kuma ka matse shi a cikin tsohon ruwan da ka kwasa, don kar bakteriyarsa su mutu. Ruwan da ka cire ka zuba wa shukar gida, taki ne.

Kafin ka canza ruwan, ka goge gilashi da tsohon katin ATM, ka naɗe zaren gansakuka da burushin haƙori, ka yanke ganyen da ya mutu. Idan ruwan ya riga ya yi kore, ko sayanobakteriya ta shimfiɗu, ka kwashe abin da za ka iya, ka kashe fitila, ka lulluɓe akwatin da kwali kwana 3 zuwa 4, injin iska yana aiki. Tsirrai suna da ajiyar abinci, za su jure, gansakuka kuwa za ta karye. A bazara kar ka rufe da bargo mai kauri, zafi zai taru.

Tsirrai su ne ma'aikatanka

A ruwa, iskar kabon dayoksaid tana ratsawa a hankali ƙwarai, kusan sau 10,000 ƙasa da saurinta a iska. Wannan ne gajeren katakon gangar ga yawancin tsirran da ke nutse. Tsiron da ke yawo a saman ruwa ba shi da wannan matsalar, tunda ganyensa a waje yake. Yana girma da sauri, saiwarsa tana zuƙar taki, inuwarsa kuma tana rage hasken da ke isa ƙasa.

Muna da irinsa a gida: kainuwa. 'Yan ƙwaya biyu ko uku sun isa farawa. Duk mako ka rage ta, kar ta rufe fiye da rabin saman ruwan, domin kifi na buƙatar sarari inda iska ke shiga. Kowace kainuwar da ka cire, takin da ta shanye ka fitar daga akwatin kenan. A cikin ruwa kuma ka nemi masu saurin girma irin Ceratophyllum da Vallisneria, ka dasa da yawa tun ranar farko.

Wannan dabara tsohuwa ce. A 1850, wani masanin sinadarai a Landan mai suna Robert Warington ya ba da rahoton gwajinsa na ajiye kifin zinare biyu tare da Vallisneria a babban tulun gilashi. Da tsofaffin ganyen suka fara ruɓewa, ruwan ya ɓaci, gansakuka ta taso, sai ya saka 'yan dodon koɗi, suka cinye, ruwan ya washe. Masu cin gansakuka suna taimakawa har yau, amma su ma suna kashi. Fileko, kifin nan mai manne baki a gilashi, irin da aka fi sayarwa yana wuce santimita 30 idan ya girma, ƙaramin akwati ba zai ɗauke shi ba.

Hattara da abin da ka ɗebo a dam

Dodon koɗin da ke rafuka da madatsun ruwa na ƙasarmu, wasunsu su ne ke ɗauke da ƙwayar cutar tsargiya, wato fitsarin jini. Ƙwayar tana fita daga jikinsa ta shiga ta fatar mutum. Saboda haka kar ka ɗebo dodon koɗi daga Kubanni, ko Galma, ko wani kududdufi ka sa a akwatin da hannunka ke shiga. Idan kainuwa za ka ɗauko, ka jawo ta da sanda daga bakin ruwa, ka sa safar hannu, ka wanke ta sosai, ka ajiye ta a bokiti daban na mako biyu zuwa uku kana cire duk dodon koɗi da ƙwansa da ka gani. Rarar tsiro kuma ka shanya ta bushe kafin ka zubar, kar ka jefa tsiro ko kifin ado a rafi.

Masu kiwon kifin ci fa?

Ga mai kiwon karfasa a kududdufin ƙasa, ruwa mai ɗan kore alheri ne, abinci ne ga kifin. Ma'aunin da manoma ke amfani da shi mai sauƙi ne: ka zura hannu a ruwan. Idan tafin hannunka ya ɓace tun kafin ruwa ya kai gwiwar hannu, koren ya yi yawa, ka dakatar da taki, ka rage abinci, ka ƙara sabon ruwa. Mai tarwaɗa a tankin siminti ko na roba a bayan gida, inuwa da canza ruwa a kan lokaci su ne nasa. Tarwaɗa tana iya shaƙar iska kai tsaye, shi ya sa take jure abin da karfasa ba za ta jure ba, amma amoniya ba ta ƙyale ta.

Abu na ƙarshe, ka gyara abu ɗaya a lokaci guda, ka ba shi mako biyu kafin ka taɓa wani. Idan ka canza haske da abinci da ruwa duk a rana ɗaya, ba za ka san wanne ya yi aiki ba. Ka ɗauki hoton akwatin da wayarka duk Juma'a daga wuri ɗaya, ka riƙa kwatantawa. Kar ka damu da tsohon ganyen da gansakuka ta riga ta kama, ba ya warkewa. Sabon ganye za ka duba: idan yana fitowa tsaf babu komai a jikinsa, gyaran ya kama.